Makullin Ɗakin Magani: Darasin Shugabanci Domin Ɗaliban Harhaɗa Magunguna

Gabatarwa

Mun shirya wannan darasi ne domin 'ya'yanmu da ƙannenmu na Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa waɗanda ke karatun harhaɗa magunguna, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko kuwa a kwalejojin kimiyyar lafiya. Zai kuma amfani masu kemis da 'yan kwamitin lafiya na ƙauye. Mutum zai iya karanta shi shi kaɗai, amma ya fi amfani idan mutum 5 zuwa 10 suka zauna tare, suka karanta, sannan suka tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Mu da muka rubuta ba masana magani ba ne, ma'aikatan raya karkara ne. Sai dai aikinmu ya sha haɗa mu da tsofaffin masu harhaɗa magunguna, maza da mata, waɗanda suka yi shekaru a ɗakunan magani na asibitoci. Mun tattara abin da suka koya mana, mun haɗa da tarihin wasu fitattun masana na ƙasarmu da na waje. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya kawo maganar shugabanci?

A babban asibitin birni, kafin ƙwaya ta kai bakin majinyaci sai ta bi ta hannun likita, da mai harhaɗa magani, da nas. Idan ɗaya ya yi kuskure, wani zai iya kamawa. A yankinmu ba haka abin yake ba. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, ma'aikatan lafiya da dama kuma sun bar wuraren aikinsu. Uwar da jikin ɗanta ya yi zafi da tsakar dare ba za ta kama hanyar Sabon Birni ba. Wanda za ta fara ƙwanƙwasa wa ƙofa shi ne mai magani a hannu. Abin da ya ba ta shi za ta ɗura wa yaron, abin da ya faɗa kuma shi za ta gaya wa maƙwabtanta.

Wanda mutane ke bin maganarsa a kan rai da lafiya, shugaba ne ko yana so ko ba ya so. Saboda haka ɗalibin da zai shafe shekara 5 ko 6 a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki kafin hukumar PCN ta yi masa rajista, ya kamata ya san cewa ba takarda kaɗai zai dawo da ita gida ba. Za a miƙa masa makulli, kuma makullin amana ne. Ga abubuwa biyar da manya suka ce a riƙe.

1. Riƙon amana yana farawa tun kafin muƙami

Duk ɗalibin wannan fanni ya san sunan Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Ita ma mai harhaɗa magunguna ce, ta yi karatu a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. A 1988 ƙanwarta Vivian, mai ciwon suga, ta rasu bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. Wannan rashi ya zauna mata a zuciya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda aka fara lura da ita. Lokacin tana aiki da asusun PTF, an ba ta kuɗi ta je Landan a yi mata tiyata. Da likitocin can suka duba, suka ce babu buƙatar tiyatar. Sai ta dawo ta mayar da ragowar kuɗin. A lokacin ba ta san wani muƙami na jiran ta ba. Wannan labari na cikin abin da ya sa aka tuna da ita sa'ad da ake neman wanda zai riƙe NAFDAC.

Da ta kama aiki, ta fara ne da gyaran cikin gida, wato ma'aikatan hukumar kansu. Daga nan ta riƙa ƙona jabun magunguna a gaban jama'a, ta hana wasu kamfanonin waje shigo da kaya, ta yi ta wayar da kai ta rediyo da talabijin da makarantu. A 2007 hukumar ta rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha na tsawon watanni. Wannan aiki ya kusa cin ranta. A ranar 26 ga Disamba, 2003, 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta ya ƙuje mata fatar kai. A 2004 aka cinna wa wasu gine-ginen hukumar wuta. Ba ta ajiye aikin ba. Ta rasu a 2014.

Ba kowa ne zai shugabanci NAFDAC ba. Amma kowane ɗalibi yana da nasa ragowar kuɗin. Akwai kuɗin ƙungiyar ɗalibai da aka ba ka ajiya. Akwai sakamakon gwaji a ɗakin bincike wanda bai fito yadda littafi ya ce ba, kana iya rubuta abin da ka gani, kana kuma iya kwafar na abokinka. Wanda ya saba gyara lamba a littafin gwaji, gobe ba zai ji nauyin gyara lamba a katin kaya ba. Wata dattijuwa da ta yi ritaya daga ɗakin magani ta shaida mana cewa cikin mako guda takan gane ɗalibin da za ta iya bar wa makulli. Ba ƙwazon karatunsa take dubawa ba. Takan duba ko zai zo da kansa ya faɗa idan ya fasa kwalba.

2. Ido a kan kaya

A 1995 annobar sanƙarau ta ɓarke a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar. An kai gudummawar allurar rigakafi daga Nijeriya, kwalaben ɗauke da sunayen sanannun kamfanoni. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aikin rigakafin suka lura cewa maganin ba ya narkewa yadda suka saba gani. Da aka gwada, aka tarar jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an riga an yi wa mutum fiye da 50,000 wannan allura, ta kuma danganta mutuwar mutum 2,500 da lamarin. Mu lura: ba daga babban ofis aka gano ba. Wanda ke riƙe da kwalbar a hannunsa ne ya ce wannan ba daidai ba ne.

A ƙarshen 2008 kuma maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya, domin an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. Irin wannan guba ce ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, magani 1 cikin 10 ko dai jabu ne ko kuwa bai kai ingancin da ake buƙata ba.

Magani mai kyau ma yana iya lalacewa a hannun mai kyakkyawar niyya. Mu kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Wata shekara mun karɓi kwalayen magani na gudummawa, muka jibge su a ƙasa cikin wani shago mai rufin kwano, ana tsakiyar bazara. Muna murna mun samo wa jama'a taimako. Da wani dattijo mai harhaɗa magunguna ya zo dubawa, bai yi mana faɗa ba. Ya sa muka fito da kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mana waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa suna can ƙarƙashi, da maganin ruwa da ya sauya launi. Muka ware abin da ya lalace, muna kallo, kunya ta rufe mu. Daga nan ya zauna ya koya mana waɗannan ƙa'idoji:

• Yawancin ƙwayoyi ana son a ajiye su ƙasa da zafin digiri 30. A watan Afrilu zafin yankinmu yakan wuce digiri 40. A nemi ɗakin ƙasa mai kauri ko mai silin, mai iska, wanda rana ba ta shiga.
• Kada kwali ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. A ɗora shi a kan katako.
• Wanda wa'adinsa zai fara ƙarewa shi ake ajiyewa a gaba, shi ake fara bayarwa, ko da shi ne ya zo daga baya.
• Allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wasu kuma ƙanƙara ce ke ɓata su, don haka sanyi mai yawa ma illa ne. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mai haihuwa domin hana zubar jini, ita ma firij take so. Idan zafi ya kashe ƙarfinta, ungozoma za ta yi allura amma jini ba zai tsaya ba.
• Kowane magani ya kasance da katinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da sa hannu.
• A duba lambar rajistar NAFDAC, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar ƙarewar wa'adi. A sayi kaya daga dillali mai lasisi, a riƙe rasit.

Tun 2010 akwai tsarin da ake kankare wani wuri a jikin kwali a aika lambar ta saƙon waya domin a tabbatar da ingancin magani. Yana da amfani ƙwarai. Amma mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu, saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali babu abin da ya rage sai idon ma'aikaci da littafinsa.

3. Yardar jama'a tana da wuyar samu, tana da saurin zubewa

A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin Nijeriya. A cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Illar ba ta tsaya a nan ba. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke ambatawa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, yara da yawa suka shanye. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan an yi shekaru ana bi gida gida tare da sarakuna da malamai domin a dawo da yardar da ta zube.

Darasin a nan shi ne, magani ba ya aiki sai an yarda an sha. Manya sun ce rabin aikin mai harhaɗa magani a bakinsa yake. Ɗauki misalin maganin zazzaɓin cizon sauro. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma magungunan da ake kira ACT, domin ƙwayar cutar ta daina jin na farkon. Wanda aka fi bayarwa, mai haɗin atemita da lumefantirin, sha 6 ne cikin kwana 3: na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran kuma safe da yamma, tare da nono ko abinci mai maiƙo. Uwa da yawa takan ga yaro ya samu sauƙi a kwana na biyu, sai ta ajiye sauran domin ƙaninsa. Wannan ba taurin kai ba ne, talauci ne da rashin bayani. Ma'aikaci na gari zai gaya mata dalili: zafin jiki ya sauka amma cutar ba ta gama mutuwa ba. Zai zana mata rana da wata a jikin leda, ko ya rubuta da ajami idan maigidanta na karantawa. Sannan zai ce, "Inna, maimaita mini yadda za ki ba shi." Idan ba ta iya maimaitawa ba, bayaninsa ne bai fita ba.

Haka kuma a riƙe sirri. A ƙauye kowa ya san kowa. Idan aka ji cewa maganar ciwon wani ta fita daga ɗakin magani, mata za su daina zuwa, masu tarin fuka da masu ciwon sanyi za su koma ɓoyewa.

4. Iya cewa a'a

A ƙarshen Afrilu na 2018 BBC ta fitar da wani bincike da ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan fage zuwa hannun matasa, musamman a Kano. Cikin waɗanda aka kama a kyamara har da mutanen da ke aiki da kamfanonin magani. A ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Wani bincike da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su taramadol suke sha ba bisa ƙa'ida ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace kwalba da ta isa hannun yaro, wani mai makulli ne ya buɗe mata ƙofa. Kuma wanda zai nemi ka buɗe ba baƙo ba ne. Abokin wasanka ne, ko ɗan baffanka, ko wani babba da kake jin nauyinsa. Tsofaffin ma'aikata sun ba da shawara cewa mutum ya yanke wa kansa hukunci tun yana ɗalibi, domin ranar da aka tsare shi da ido ba ranar tunani ba ce. A ƙi cikin ladabi: "Baba, ka yi haƙuri, wannan sai da takardar likita. Amma gaya mini abin da ke damunka mu ga abin da ya dace." Taramadol da aka yarda da shi a ƙasar nan mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100. Wanda ya ga mai 225 ya san ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Akwai wata a'a da ta fi wannan wuya, domin ita kamar rowa take. Mutum zai zo da mura ya ce a ba shi kafso biyu, ko ya dage sai allura. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa maganin mura, shan su rabi da rabi kuma yana koya wa cuta jure musu. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani. Mai shago zai ga kamar ya yi asarar ciniki. Amma ranar da ɗansa ya kamu da ciwon huhu, wannan maganin ne zai nema.

Dole mu faɗi gaskiya game da halin da muke ciki. A yankinmu wani lokaci mai neman ƙwaya yakan zo da bindiga. Babu wani dattijo da ya ce mana ma'aikaci ya yi jayayya da mai makami. Rai ya fi kaya. Abin da suka ce shi ne a rage haɗarin tun da wuri: kada a tara irin waɗannan magunguna a ƙauye fiye da buƙata, kada mutum ya zauna shi kaɗai da dare, a rubuta duk abin da aka ƙwace, a kuma sanar da shugabannin aiki. Abin da aka ƙwata da ƙarfi daban, abin da aka sayar domin riba daban. Jama'a sun san bambancin.

5. Sauraron waɗanda ba su da digiri

Ɗalibi yakan dawo hutu yana ganin mai kemis da mai maganin gargajiya a matsayin abokan gaba. Tarihin fannin bai goyi bayan wannan raini ba.

Maganin zazzaɓin da muka ambata a baya ya samo asali ne daga aikin wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou. Ita da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, suka gwada tsirrai masu yawa, har a farkon shekarun 1970 suka fitar da sinadarin atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade. Kafin a ba majinyata, ta fara gwada shi a jikinta. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. A nan gida kuma, Farfesa Charles Wambebe da abokan aikinsa a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja sun saurari wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, suka ɗauki haɗinsa na ciwon sikila suka yi bincike a kai a shekarun 1990. Daga nan aka samu maganin Niprisan, wanda cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa.

Su biyun sun saurara, amma ba su tsaya a kan sauraro ba. Sun gwada, sun auna, sun rubuta. Haka ya kamata ɗalibi ya yi: ya tambayi majinyaci cikin girmamawa ko yana shan jiƙo ko sassaƙe, domin wasu na karo da maganin asibiti, kada kuma ya yaba abin da ba a gwada ba.

Masu kemis kuwa su ne ke kusa da jama'a, kuma za su ci gaba da kasancewa a ƙauyukan da babu mai digiri. Dokar PCN ta 2022 ta ɗora wa hukumar alhakin kula da masu harhaɗa magunguna, da mataimakansu, da masu shagunan magani. Mai ilimi zai iya zama ɗan sanda a kansu, zai kuma iya zama malaminsu. Idan ya tara masu kemis biyar na mazaɓarsa ya koya musu gwajin jini na zazzaɓi kafin ba da magani, da haɗa ruwan gishiri da suga tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14 ga yaro mai gudawa, da alamomin da ke nuna a garzaya asibiti, kamar jijjiga, ƙin shan nono, da numfashi sama sama, to ya isa gidajen da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Littafin da ke ceton gari

A watan Afrilu na 2024 hukumar NCDC ta sanar da cewa tana binciken wata cuta a mazaɓun ƙaramar hukumar Isa, inda aka samu mutum 164 da ake zargin sun kamu, yawancinsu yara, da kumburin ciki da zazzaɓi da rama. Gwajin farko ya nuna dalma a jinin wasu daga cikinsu. A 2010 ma gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara kafin a shawo kanta. A irin waɗannan lamura, mai ba da magani yana cikin waɗanda ke fara ganin alama. Idan iyaye bakwai daga unguwa ɗaya suka zo cikin mako guda da kuka iri ɗaya, wanda ke rubutu zai gane, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Wanda ba ya rubutu zai sayar da magani sau bakwai, ya rufe shago.

Mun san da yawa daga cikinku za su samu aiki a Sakkwato, Abuja ko ƙasar waje, ba kuma za mu ga laifin wanda ya nemi inda zai kwana da ido biyu rufe ba. Roƙonmu shi ne kada zumunci ya yanke. Wanda ba zai iya dawowa ya zauna ba, zai iya zuwa lokacin hutu ya duba ɗakin maganin garinsu, ko ya riƙe lambar wayar ma'aikacin da ke can ya riƙa amsa tambayarsa. Ku kuma nemi babba guda a fanninku, ku riƙa kai masa abin da ya shige muku duhu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A garinmu, wa mutane ke fara zuwa wurinsa idan yaro ya kwanta da dare? Wane horo ya samu, kuma wa ke taimaka masa?
2. Wane ƙaramin abu ne a makaranta ko a wurin aiki yake gwada amanarmu a wannan mako?
3. Wani dattijo da ya taimaka wajen biyan kuɗin karatunka ya aiko a ba shi taramadol ba tare da takarda ba. Me za ka ce wa ɗan aiken? Mutum biyu su tashi su gwada yadda zancen zai kasance.
4. Ka gano cewa kai ne ka ba wata mata maganin da ba nata ba, ta kuma riga ta tafi gida. Babu wanda ya sani. Waɗanne matakai za ka ɗauka, kuma wanne ne na farko?
5. Waɗanne abubuwa ne suka taɓa sa mutanen garinmu suka ƙi rigakafi ko magani? Su wa jama'a ke jin maganarsu da za a iya haɗa kai da su?

Aikin da za a yi kafin zama na gaba

A nemi izinin mai kula da ɗakin shan magani mafi kusa, a je mutum biyu biyu. A duba inda ake ajiye kaya, da zafin ɗakin, da katin kowane magani, da ranar ƙarewar wa'adi. Ba neman laifi aka je ba, don haka a fara da gaisuwa da tambayar matsalolin da yake fuskanta. A zaɓi gyara guda ɗaya da ba ya buƙatar kuɗi, a yi shi tare da shi a ranar, sannan a kawo rahoto ga ƙungiya.